Lafiyar Iyali: Shin hawan jini ne ke kawo saurin fushi?

 A wannan fitowa za mu duba wata magana da ta zama ruwan dare a gidajenmu, tun daga Yamai har Damagaram. Idan maigida ya shigo yana faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai a ce: "Ku rabu da shi, tansiyonsa ne ya hau." Idan yara suna hayaniya a tsakar gida, sai a tsawata musu: "Kada ku tada wa Hajiya hawan jini." Idan kuwa aka ce wani dattijo mai sanyin hali ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, sai jama'a su riƙe baki su ce: "Malam da ba ya ko ɗaga murya, ina ya samo hawan jini?"

Duk waɗannan maganganu tushensu ɗaya ne, wato zaton cewa hawan jini da fushi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, inda duk aka ga ɗaya to ɗayan yana nan. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, amma kuskuren da ke cikinsa ya fi yawa, kuma kuskure ne da ke cin rayuka yana kuma ɓata zaman aure. Saboda haka ya dace mu zauna mu rarrabe tsakanin aya da tsakuwa.

Ciwon da ba ya sallama

Abin da ake kira hawan jini, ko tansiyo kamar yadda bakinmu ya saba, shi ne ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyi da shi ya wuce ƙima, ya kuma zauna a haka. Ana auna shi da lamba biyu: ta sama lokacin da zuciya ta matsa ta tura jini, ta ƙasa lokacin da ta saki. A asibitocinmu likita kan ce 12 bisa 8, ko 14 bisa 9, alhali na'urar zamani da takardun Najeriya da Gana suna rubuta 120/80 ko 140/90. Ma'auni ɗaya ne, sifili kawai aka cire. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 14 bisa 9 ko fiye, yana da hawan jini.

Rahoton da wannan hukuma ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa masu wannan ciwo a duniya sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba. Wannan adadi na ƙarshe ya isa ya amsa rabin tambayarmu. Da a ce hawan jini yana bayyana a halin mutum, yana sa shi faɗa da harara, da ba a samu ɗaruruwan miliyoyin mutane suna yawo da shi cikin rashin sani ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma labarin jini sai a tambayi na'ura. Mutum yana iya kai 17 bisa 10 yana dariya da jikokinsa, wani kuma yana tafasa kamar tukunya jininsa na kan 12 bisa 8.

Wani babban bincike ya ma zo da abin mamaki. A 2023 masana daga cibiyar Max Planck da ke birnin Leipzig na ƙasar Jamus suka duba bayanan mutum sama da 500,000 na ƙasar Birtaniya. Sai suka tarar cewa waɗanda lambar jininsu ta sama ta ɗan fi hawa, a jimlace sun fi ƙarancin alamun baƙin ciki, sun kuma fi cewa suna jin daɗin rayuwa. Masana suna danganta wannan da wasu ƴan jijiyoyi da ke wuya da kusa da zuciya, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa matsin jini. Idan matsin ya hau, saƙonsu yakan ɗan dakushe jin zafi da jin motsin rai. Bambancin ƙarami ne, kuma ba ya nufin hawan jini alheri ne. Darasinsa shi ne cewa jiki yana iya yaudarar mai shi, ya ce masa lafiya lau alhali ana ɓarna a ciki.

Abin da fushi ke yi wa jini

Idan muka juya tambayar, muka ce ko fushi yana ɗaga jini, nan amsa e ce ba tare da wata-wata ba. Da zarar ran mutum ya ɓaci, wasu ƴan ƙullutai da ke saman ƙoda sukan zuba wani sinadari mai suna adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau nan take. Haka aka halicci jiki domin ya shirya wa gudu ko kare kai idan haɗari ya taso. Ga mai lafiya, da ƙura ta lafa jinin yakan koma mazauninsa. Ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka gaji da shekaru na hawan jini, wannan ɗan lokaci yana iya zama sanadi.

A 2014 masana daga jami'ar Harvard ta Amurka suka haɗa sakamakon bincike da dama, suka ga cewa a cikin awa biyu da ke biyo bayan fushi mai tsanani, haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki kuma fiye da sau uku. A 2024 wasu masana a jami'ar Columbia ta birnin New York suka sa matasa masu lafiya su tuna wani abin da ya taɓa fusata su na tsawon minti 8 kacal. Sai aka ga jijiyoyinsu sun kasa buɗewa yadda ya kamata har zuwa minti 40 bayan haka. To ina ga wanda ke kwana yana tashi da fushi shekara da shekaru?

Amma a nan ma sai mu yi adalci. Fushi da damuwa suna cikin abubuwan da ke taimaka wa ciwon, ba su ne kaɗai ba, ba kuma su ne kan gaba ba. Gado, tsufa, yawan gishiri, ƙiba, rashin motsa jiki, ciwon ƙoda, taba da giya, waɗannan su ne manyan ginshiƙansa. Muna jan hankali a kan wannan ne saboda wata magana mai zafi da ake yawan jefa wa mata da ƴaƴa: "Ita ce ta sa masa hawan jini", ko "Yaron nan ne zai kashe uwarsa." Sau da yawa idan aka bincika, sai a tarar mahaifin maigidan da kawunsa duk da wannan ciwo suka rasu, shi kansa kuma ba ya cin miya sai ya ƙara gishiri. Ɗora wa mace laifin ciwon da mijinta ya gada zalunci ne, kuma ba ya rage lambar da na'ura ke nunawa ko da ɗigo.

Me ya sa wasu masu hawan jini ke canza hali?

Duk da haka, mai karatu zai ce: "To ai mun gani da idonmu, tun da aka ce Baba yana da tansiyo ya zama mafaɗaci." Gaskiya ne, hakan na faruwa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Dalilan sun kai huɗu, kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne labarin kansa. A 1978 aka buga wani bincike da aka yi a kan ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe a birnin Hamilton na ƙasar Kanada. An auna su, aka gaya wa waɗanda ba su sani ba cewa suna da hawan jini. A shekarar da ta biyo baya, fashin aikinsu saboda rashin lafiya ya ƙaru da kashi 80 cikin 100. Abin da ya canza shi ne yadda suke kallon kansu. Haka abin yake a wurinmu. Magidancin da jiya yake ganin kansa ƙaƙƙarfa, yau an ce masa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, an hana shi kilishi da miya mai ɗanɗano, ga kuɗin farmasi kowane wata a kan kuɗin hatsi da na makarantar yara, ga tunanin maƙwabcinsa da ya shanye. Tsoro ne ke cinsa, kuma namiji a al'adarmu ba ya cewa yana jin tsoro, sai ya huce a kan iyali.

Na biyu shi ne magani. Tsofaffin magunguna irin su rezafin, wanda aka yi yayinsa a shekarun 1950, da metildopa da aka fi sani da Aldomet, suna iya kawo kasala, yawan barci da mutuwar zuciya ga wasu. Dangin atenolol da furofanolol an daɗe ana zarginsu da jawo baƙin ciki, amma wani nazari da aka yi a birnin Berlin a 2021 a kan mutum sama da 50,000 bai tabbatar da zargin ba. Abin da ya gano shi ne suna iya kawo gajiya, rashin barci da mafarkai marasa daɗi, kuma kowa ya san halin wanda bai yi barci ba. Magungunan da ke sa yawan fitsari suna iya rage gishirin jikin tsoho, musamman lokacin bazara, har ya rikice. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa: wasu magungunan kan rage ƙarfin namiji, sai ya shiga ƙunci, ya daina shan maganin a ɓoye. Duk wannan yana da mafita, domin magungunan hawan jini iri-iri ne, kuma likita na iya sauya wani da wani. Abin da ba ya halatta shi ne mutum ya yanke maganin da kansa, don wasunsu idan aka daina su kwatsam jini yakan yi tsalle fiye da inda yake da.

Na uku shi ne a samu abu guda da ke haifar da hawan jinin da saurin fushin gaba ɗaya. Babban misali shi ne minshari mai katse numfashi. Mai shi yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, ya farka a firgice ba tare da ya sani ba, sau da yawa a dare guda. Da safe ya tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi da ƙunci, jininsa kuma ya ƙi sauka duk da magani. Matarsa ce ta fi kowa sanin wannan, don haka shaidarta a gaban likita tana da daraja. Haka nan idan ƙullutun wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo ya yi aiki fiye da kima, mutum yakan rame, hannunsa ya riƙa rawa, zuciyarsa na bugawa, ga faɗa ba dalili. Sai kuma abubuwan da muke sa wa cikinmu da hannunmu: goro bayan goro, shayi mai kauri zagaye uku har tsakar dare, da ƙwayoyin ƙiba irin su dekzametazon da ake saya a bakin titi, waɗanda ake kira "sha ka fashe". Waɗannan ƙwayoyi suna ɗaga jini, suna ɗaga sukari, suna hana barci, suna kuma birkita hali. Wasu mayukan ƙara hasken fata ma suna ɗauke da danginsu.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Hawan jinin da aka bari shekaru ba magani yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wasu su toshe ba tare da mutum ya faɗi ba. Da tafiya ta yi nisa sai a ga dattijo ya fara mantuwa, tafiyarsa ta sauya, ya daina sha'awar abin da yake so da, yana kuka ko fushi a kan ƙaramin abu. A gida sai a ce tsufa ne, ko a ce an yi masa sammu, a yi ta yawon neman magani inda babu shi. A nan kam hawan jini ya taɓa hali, amma ta hanyar raunin da ya yi wa ƙwaƙwalwa cikin shekaru. Abin farin ciki shi ne ana iya rage wannan. Wani gwaji da aka yi a ƙauyukan ƙasar Sin a kan mutum kusan 34,000, aka buga a 2025, ya nuna cewa inda ma'aikatan lafiya na ƙauye suka dage wajen saukar da jinin mutane, ciwon mantuwa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a cikin shekara huɗu. Ba manyan likitoci ne suka yi aikin ba, ma'aikata ne irin na asibitocin ƙauyukanmu, da na'ura da magani mai araha.

Ranar da ba a jira

Akwai lokacin da canjin hali ke zama ƙararrawa. Idan mutum ya rikice farat ɗaya, yana magana ba kan gado, ga matsanancin ciwon kai, ko amai, ko gani dishi-dishi, ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, to a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka idan na'ura ta nuna 18 bisa 12 ko fiye tare da ɗaya daga cikin waɗannan alamu. Kada a tsaya jiƙa saiwa, kada a ɗura masa ruwa ko magani idan ba ya iya haɗiya.

Mai juna biyu tana da nata hukunci. Daga wata na biyar zuwa bayan haihuwa, idan ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko tana ganin walƙiya, ko fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ta shiga wani rashin natsuwa da ba a saba gani ba, kada a ce laulayi ne ko shagwaɓa. Waɗannan na iya zama magabatan jijjiga, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasashenmu. Wannan ne ya sa ake auna jini a kowane awon ciki, kuma mijin da ya hana matarsa zuwa awo ya ɗauki alhaki mai girma.

Abin da ya rage gare mu

Da farko a auna. Duk wanda ya balaga, mai zafin rai ne ko mai sanyi, ya san lambarsa, wanda ya haura shekara 40 kuma ya riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Awon yana da ladubba: a zauna minti 5 a huta, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗore daidai da ƙirji, ba magana, kuma ba a ci goro ko shan shayi ko taba ba cikin rabin awa da ta wuce. Awon da aka yi ana tsakiyar rigima ba ya nuna gaskiyar jini. Gidan da Allah ya hore wa, na'ura guda ta ɗamtse ta ishi dukan gida har da maƙwabta, a riƙa rubuta lambobin a littafi a kai wa likita. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar hawan jini ta duniya, kuma dama ce ga unguwa ta gayyato ma'aikacin lafiya ya auna jama'a.

Na biyu, a daina shan magani bisa ga yanayin zuciya. Da yawa daga cikinmu sukan haɗiyi ƙwaya ranar da ransu ya ɓaci, su ajiye ta ranar da suke cikin walwala. Maganin hawan jini na kullum ne, ranar suna da ranar zaman makoki duk ɗaya. Mai azumi ya je wurin likita tun kafin watan ya kama domin a tsara masa lokacin sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Na uku, a duba tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a wuni ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen magi da kanwa, don dukansu gishiri ne ta wata fuska. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya armashi. Zai fi sauƙi a rage wa dukan gida sannu-sannu da a ware wa mutum ɗaya kwano marar ɗanɗano yana kallon na sauran. A ƙara da tafiyar ƙafa ta rabin awa kwana biyar a mako, da barci isasshe.

Na ƙarshe ya shafi zaman tare. Ga iyali muna cewa: ku tausaya wa mai ciwo, ku tambaye shi abin da ke damunsa, ku lura da barcinsa da maganinsa, ku raka shi asibiti ku faɗi abin da kuka gani. Amma kada gida ya zama kurkuku, inda mata ba ta iya faɗin buƙatarta, yaro ba ya iya tambayar kuɗin littafi, ana ɓoye wa maigida kowane labari don gudun kada jininsa ya hau. Matsalar da aka binne tana nan tana girma, kuma ranar da ta fito ta fi tada hankali. Ga mai ciwon kuma muna cewa cikin girmamawa: Alhaji, Hajiya, takardar likita ba lasisin zagi ba ce. Ciwon bai ɗauke muku nauyin riƙe harshe ba, sai ma ya ƙara muku dalili, tun da jijiyoyinku ne ke biyan kuɗin kowane fushi. Ladubban da aka koya mana tun muna yara, na yin shiru, da zama idan ana tsaye, da barin wurin a je a yi alwala, suna ba jiki daidai mintocin da yake buƙata zuciya ta lafa. Idan kuwa ƙuncin ya zarce mako biyu, babu barci, babu sha'awar abinci ko hira, to wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma faɗa wa likita ba abin kunya ba ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana haƙuri da juna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.